Babi na Shida: Ƙarfen da Ke Tsufa a Ɓoye

Kamfanonin da ke tallan ƙananan murahun nukiliya a yau, bakinsu kusan ɗaya ne. Suna cewa an ƙera waɗannan injuna ne domin wuraren da manyan layukan lantarki ba su kai ba, ko sun kai amma wutar ba ta da ƙarfi: garuruwa masu nisa, filayen haƙar ma'adinai, yankunan noman rani masu buƙatar famfo da ɗakin sanyi. Wanda ya san yammacin Zamfara, in ya ji wannan talla, sai ya ɗauka Anka da Bukkuyum da Gummi ake siffanta masa. Ga zinare a ƙasa, ga fadamu a bakin Gulbin Zamfara, ga masu walda da masu injin niƙa da asibitoci, kowa ya rataya a wuyan janareto, kuɗin mai yana cinye ribar yini.

Wuraren da gwamnatin Najeriya ta ware domin babbar tashar nukiliya su ne Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom, kuma a 2017 ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha. Sai dai manyan murahu suna da wata matsala a ƙasa irin tamu. Wutar da ke gudana a layukan Najeriya gaba ɗaya ba kasafai take wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce kada inji ɗaya ya ɗauki fiye da kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasa, domin ranar da ya tsaya kwatsam sai ya ja sauran su faɗi tare. Murhu mai megawat 1,200 ya yi wa layukanmu nauyi. Shi ya sa ido ya koma kan ƙananan, waɗanda ba su wuce megawat 300 ba, waɗanda ake son a riƙa ƙerawa a masana'anta a ɗauko su a mota ko jirgin ruwa. Kaɗan ne daga cikinsu suke aiki a zahiri. Akwai na Rasha da ke kan jirgin ruwa a Pevek, wanda ya fara ba da wuta a ƙarshen 2019, da na Sin a Shidaowan wanda ya shiga kasuwa a Disamba 2023. Yawancin sauran ana kan gina su, ko suna kan takarda. A Amurka ma, aikin farko na kamfanin NuScale ya rushe a Nuwamba 2023 saboda tsada.

In an zauna hirar nukiliya, yawanci maganar yuraniyom ake yi, ko bam, ko sharar da za a binne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tukunyar ƙarfen da ake zuba komai a cikinta.

A murhun da ake sanyayawa da ruwa, man nukiliya yana zaune ne cikin wata ƙatuwar tukunya ta baƙin ƙarfe. A manyan tashoshi kaurin bangonta yakan kai santimita 20. Ruwan da ke ciki yana da zafin digiri 300 ko kusa da haka, an kuma matse shi da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150, don kada ya tafasa. Famfo in ya lalace a canza shi. Bututu in ya tsage a yanke a sa sabo. Tukunyar ita kaɗai ce ba a canzawa. Shekarunta su ne shekarun tashar, kuma masu talla suna alkawarin shekara 60.

Ga abin da ke faruwa da ita a tsawon waɗannan shekaru. Duk ƙwayar yuraniyom da ta tsage takan saki zafi, ta kuma harbo wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi biyu ko uku da ake kira nutron, masu gudun kusan kilomita 20,000 a sakan ɗaya. Wasu sukan tsage wata ƙwayar yuraniyom, aikin ya ci gaba. Wasu kuwa sukan kuɓuce, su ratsa ruwa, su shige cikin bangon tukunya. Ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ƙarfe a jere suke, sahu bayan sahu. Nutron in ya daki ɗaya sai ya tumɓuke ta daga gurbinta, ita kuma ta bangaje maƙwabtanta, su ma su bangaje wasu, har ɗaruruwa su watse. Kafin ƙiftawar ido yawancinsu sun koma gurabe, amma 'yan kaɗan ba sa komawa. A bar rami a nan, a cusa ƙwaya inda ba wurinta ba a can. Haka yake faruwa dare da rana, ba hutu.

Ƙarfe yana lanƙwasuwa ne saboda sahun ƙwayoyinsa suna iya zamewa a kan juna. In tabon nutron ya yi yawa, sai zamewar ta gagara. Ƙarfen ya ƙara tauri, kuma wanda bai sani ba zai ce ai ƙaruwa aka yi. Maƙeri ba zai ce haka ba. Ya san in ya tsoma ruwan gatari a ruwan sanyi yana ja zur, bai mayar da shi wuta ya sassauta shi ba, zai fito da kaifi da tauri, amma ranar da ya ci karo da dutse ba lanƙwasa zai yi ba, ɓallewa zai yi. Wannan gautsi shi ne cutar da nutron ke sa wa tukunya. Bambancin kawai, maƙeri yana ganin launin ƙarfensa yana sauyawa a wuta, ita kuwa tukunyar da ta shekara 40 tana shan nutron, in ka dube ta, ba ka raba ta da sabuwa.

Gautsin baƙin ƙarfe yana tafiya da sanyi. Kowane irinsa yana da wani mataki na zafi wanda in an sauko ƙasa da shi sai ya daina lanƙwasa ya koma karyewa. Duniya ta koyi wannan a jiragen ruwa kafin zamanin nukiliya. A Janairu 1943 wani sabon jirgin dakon mai na Amurka, Schenectady, yana ɗaure a tashar Portland, ruwa a kwance, ba hadari ba guguwa, cikin sanyin hunturu, sai ya tsage gida biyu da ƙarar da aka ji daga nesa. Jirage da dama na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun yi irin wannan karaya, kuma binciken Constance Tipper a Jami'ar Kambirij ya nuna laifin yana ga ƙarfen kansa in ya ji sanyi. Sabuwar tukunyar nukiliya ba ta yin gautsi sai an kai ta sanyin da ya zarce na ƙanƙara. Nutron yana ɗaga wannan mataki a hankali, digiri goma, digiri talatin, a wasu tsofaffin walda fiye da ɗari. Muddin tukunya tana cikin zafinta na aiki, ba komai. Ranar tsoro ita ce ranar da wani bututu ya fashe, famfunan gaggawa suka antaya ruwan sanyi a jikin bango mai zafi, matsi bai sauka ba, ga kuma wata 'yar tsaga da ta ɓuya a walda tun daga masana'anta.

Hanyar auna wannan tsohuwa ce, kuma sauƙinta yana ba ni sha'awa. Wani Bafaranshe, Georges Charpy, ya bayyana ta a 1901. A yanko ɗan sandan ƙarfe mai tsawon milimita 55 da kaurin milimita 10, a yi masa tsaga mai zurfin milimita 2 a tsakiya, a ɗora shi a kan matokara biyu, a saki guduma mai lilo ta faɗo masa. In ƙarfen yana da danƙo, zai shanye ƙarfin gudumar, ta wuce da kyar. In yana da gautsi, za ta ratsa shi ta yi sama abinta. A karya irin wannan sanda goma sha wani abu, wasu a cikin sanyi wasu a cikin zafi, sai a ga daidai inda halin ƙarfen ya juya. Kowace tashar nukiliya da aka gina bisa ƙa'ida, tun ranar farko ake rataya wasu gwangwanaye a cikin tukunyarta, cike da irin waɗannan sanduna da aka yanko daga ainihin ƙarfen da aka ƙera ta da shi, da ainihin waldarta. Ana ajiye su kusa da wuta fiye da bangon, don su riga shi tsufa. Bayan wasu shekaru a ciro gwangwani ɗaya, a karya sandunan, a ga halin da bangon zai shiga nan gaba. Bayan wasu shekarun a ciro na biyu.

Wannan dabara ce ta tona asirin jan ƙarfe. A shekarun 1960 masana'antu sukan shafe wayar walda da jan ƙarfe don kada ta yi tsatsa a ɗakin ajiya. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Da wayar ta narke sai jan ƙarfen ya shiga cikin waldar, abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da aka fara karya sandunan da suka sha nutron, sai aka ga wasu walda suna yin gautsi da saurin da ba a zata ba. Ashe ramukan da nutron ke bari suna ba ƙwayoyin jan ƙarfe hanyar tafiya, su taru su dunƙule, dunƙulen da faɗinsa bai wuce kashi biyu ko uku cikin miliyan na milimita ba, su toshe zamewar sahu. In akwai nikel a ciki abin ya ƙara tsananta. A tukwanen Tarayyar Sobiyet kuwa fosfaras ne ya yi irin wannan ɓarna. Daga farkon shekarun 1970 aka taƙaita jan ƙarfe a walda, amma an riga an gina tashoshi da yawa. Rashawa sun nemi magani ta hanyar gasa tukunya: a kwashe mai da ruwa, a zura na'urar dumama, a riƙe bangon a digiri 475 na kusan mako guda, har dunƙulen ya warware. Sun fara a Novovoronezh a 1987, Finlan ta yi haka a Loviisa a 1996. A Amurka tashar Yankee Rowe ta rufe a 1992, lasisinta bai ƙare ba, bayan shakku ya taso kan gautsin tukunyarta, masu ita suka ga kuɗin tabbatar da lafiyarta ya fi ƙarfin abin da za ta samo. Ƙarfinta bai kai megawat 200 ba. Da yau aka gina ta, cikin ƙananan za a lissafa ta. Ƙanƙantar murhu ba ta kare ƙarfensa daga nutron.

Ba wannan kaɗai ne ba-zatan da ƙarfe ya yi wa masana ba. A 1967, a Dounreay ta ƙasar Sikotlan, Cawthorne da Fulton suka duba ƙarfe marar tsatsa da ya daɗe a cikin murhu, suka tarar da ƙananan kogo sun cika shi, ya kumbura. Babu lissafin da ya hango haka. A Oak Ridge ta Amurka, murhun gwaji mai narkakken gishiri ya yi aiki daga 1965 zuwa 1969, sai bayan an kashe shi aka yanka ƙarfensa aka ga wani sinadari mai suna teluriyom ya bi gaɓoɓinsa ya yi masa tsage-tsage. A Beljiyam, bayan an gano dubban ƙananan tabo a tukwanen Doel 3 da Tihange 2 a 2012, an kai samfurin ƙarfe murhun gwaji na BR2, sakamakon ya saɓa wa abin da aka zata, aka sake kashe tashoshin biyu a 2014, ba su dawo ba sai ƙarshen 2015. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, gwaji ne ya gano shi, lissafi ya biyo baya.

To, ina ƙananan murahu suka shigo? Wasunsu tsohon tsari ne aka rage masa girma, ruwa ne ke sanyaya su, ƙarfensu sananne. Ko a nan ma akwai tambayoyi, domin an cusa abubuwa da yawa cikin tukunya ɗaya, wasu kuma suna aiki a zafin da ya ɗan gaza na manyan, alhali ƙarfe ya fi saurin gautsi in nutron ya same shi a ƙaramin zafi. Sannan duk arahar da ake alkawari ta dogara ne ga sababbin hanyoyin ƙira: walda da harbin lantarki wadda ke gama aikin watanni cikin yini guda, matse garin ƙarfe a zafi har ya zama gangar jiki, ɗora ƙarfe shimfiɗa bisa shimfiɗa da na'ura. Ƙarfen da aka samar ta waɗannan hanyoyi, ko sinadaransa ɗaya da na da, tsarin cikinsa daban ne, kuma shaidar shekara 50 da aka tara a kan tsohuwar walda ba ta wadatar da shi. Sauran murahun kuma sun bar ruwa gaba ɗaya. Wasu iskar hiliyom mai zafin digiri 750 suke amfani da ita, wasu narkakken sodiyom, wasu gishiri, wasu narkakkiyar dalma, kamar wanda Rasha ta fara ginawa a Seversk a 2021. Masana suna auna ɓarnar nutron da cewa sau nawa aka tumɓuke kowace ƙwaya daga gurbinta. Bangon tukunyar ruwa, duk tsawon rayuwarsa, ƙwaya ɗaya cikin goma ma ba ta cika ba. A wasu sababbin tsare-tsaren ana son ƙarfen da zai jure a tumɓuke kowace ƙwayarsa sau 100 ko 200, yana cikin ruwan da ke cinsa, yana cikin zafin da ke sa shi miƙewa. Don a ga nauyin abin: wani haɗin ƙarfe mai suna Alloy 617 ya ɗauki shekara 12 ana gwaji kafin a shigar da shi kundin ƙa'idojin injiniyoyin Amurka na murahu masu tsananin zafi, kuma shi ne na farko da aka ƙara cikin shekara 30.

Gwajin kansa aiki ne na haƙuri. Akwai murahu na musamman da ba a gina su don wuta ba, sai don su yi ruwan nutron a kan samfuri: ATR a Idaho, HFIR a Oak Ridge, BR2 a Beljiyam, na Petten a Holan, BOR-60 a Dimitrovgrad ta Rasha. A shirya sanduna cikin gwangwani mai na'urar auna zafi, a zura shi kusa da tsakiyar wuta, a jira watanni ko shekaru. In an ciro shi ba mai iya kusantarsa. Sai a kai shi ɗaki mai bangon kankare kusan mita ɗaya, mai taga ta gilashin da aka haɗa da dalma, ma'aikaci yana waje yana sarrafa hannuwan ƙarfe, ya buɗe, ya karya, ya yanko ɓawon da ya fi gashi siranta ya kai ƙarƙashin madubin lantarki. Mafi ƙarfin waɗannan murahu ba sa wuce tumɓuka 10 zuwa 20 a shekara, don haka mai neman 200 sai ya shirya jiran shekara goma ko fiye. Kuma suna ƙarewa. Faransa ta rufe Osiris a 2015, Nowe ta rufe Halden a 2018, Kanada ma ta rufe NRU a wannan shekarar. Yawancin waɗanda suka rage an gina su ne a shekarun 1960, sabon da Faransa ke ginawa a Cadarache kuma ya wuce wa'adinsa da shekaru masu yawa. Kamfanoni da dama suna layi a ƙofar 'yan ramuka kaɗan.

Akwai gajeriyar hanya. Ana iya harbin ƙarfe da ƙwayoyi masu caji daga na'ura, a yi masa ɓarnar shekaru cikin kwana biyu, kuma samfurin ba ya ɗaukar tururin nukiliya. Amma harbin ba ya shiga fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita, ba a iya sa wa wannan guduma. Sannan ɓarnar da aka yi da gaggawa ba ita ce wadda ta taru a hankali ba, domin dunƙulewar jan ƙarfe da tafiyar ramuka suna bin lokaci ne. Hanyar tana da amfani wajen tace ƙarfe ashirin a fitar da uku masu alamar nagarta. Duk wanda ya kawo ta a matsayin hujjar shekara 60, ganin kitse yake so a yi wa rogo.

Mu kuma me muke da shi? Muna da murhu ɗaya, yana Zariya, a Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sunansa NIRR-1, ƙirar Sin ne, ya fara aiki a 2004. Zuciyarsa ba ta kai santimita 25 a faɗi ba, ƙarfinsa kilowat 30 da 'yan kai, sanda ɗaya ce ke sarrafa shi. A 2018 aka cire masa man yuraniyom mai tsabtar kashi 90, kusan kilo ɗaya, aka mayar da shi Sin, aka sa masa mai kashi 13 wanda ba a iya yin makami da shi. Aikin ya tafi lafiya, kuma 'yan ƙasa ne ke tafiyar da murhun tun da aka kunna shi. Abin alfahari ne. Babban aikinsa shi ne gano sinadaran da ke cikin abu: a sa ɗan garin dutse ko ƙasa ko ganye a kwalbar roba, iska ta tura ta cikin murhu, ta fito, a karanta hasken da kowane sinadari ke fitarwa. Amma ba zai iya tsufar da ƙarfe ba. Nutron ɗinsa ya gaza na manyan murahun gwaji sau dubu, yawancinsu marasa gudu ne, kuma 'yan sa'o'i yake yi a kunne a lokaci guda. A Afirka, masu ƙarfin da ya kusanci wannan aiki su ne SAFARI-1 na Afirka ta Kudu mai megawat 20 da ETRR-2 na Masar mai megawat 22. Ma'ana, in Najeriya ta sayi murhu gobe, duk abin da za a faɗa mata game da ƙarfensa daga bakin wasu zai fito.

Mutanen Anka da Bukkuyum sun san abin da ake nufi da awo ya zo a makare, sun san shi fiye da kowane farfesa. Da farashin zinare ya tashi bayan 2008, manoma suka koma haƙa. Ana kawo dutsen cikin gida, a farfasa, a niƙa shi a injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa, amma a ido dutse ne kamar kowane. Agwagi suka fara mutuwa, ba a kawo komai a rai ba. Sai yara suka fara jijjiga suna suma. Aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi na sanƙarau, ba sauƙi. A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ji labarin, aka ɗebi jini aka tura Turai, sakamako ya dawo: dalma ce. Da masu bincike suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu. Na'urar auna jini da aka zo da ita tana tsayawa ne a 65, jinin yawancin yaran ya wuce abin da take iya karantawa. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. Yara aƙalla 400 suka tafi, dubbai suka sha magani, da yawa sun rayu da raunin ƙwaƙwalwa. Aka kankare saman ƙasar gidaje a Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira kuɗin aikin har 2013. A 2015 aka sake irin wannan rashi a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba na ɗora wa iyayen laifi ko kaɗan. Neman abinci suke yi, kuma ba wanda ya ba su hanyar ganin abin da ke cikin dutsen. Na'urar da aka yi amfani da ita wajen auna ƙasar gidajensu ta hannu ce, ana ɗora ta a ƙasa ta ba da amsa cikin minti ɗaya. Ilimin da take aiki da shi ana koyar da shi a jami'o'inmu, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga Anka. Abin da aka rasa shi ne wanda aka ɗora wa alhakin ya je ya auna tun kafin a fara haƙa ƙananan kaburbura, aka ba shi kayan aiki da kuɗin mota, aka kuma ba maganarsa nauyin da za ta dakatar da aiki mai kawo kuɗi. Wannan giɓi shi nake tsoro a harkar nukiliya. Dalma da nutron ba abu ɗaya ba ne, amma buƙatar da suke ɗora wa hukuma iri ɗaya ce.

Ina son wutar nan ta zo, domin na san abin da rashinta ke yi wa ɗakin haihuwa da dare da kuma tumatirin manomi a lokacin kaka. Kuma ban ce sai Najeriya ta gina nata murhun gwajin ƙarfe kafin ta sayi tasha ba. Ƙasashe da yawa masu tashoshi ba su da shi. Abin da ba za a yi ba tare da shi ba shi ne mutane. Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda aka kafa a 2001, ita ce za ta sa hannu a lasisi. Tana buƙatar injiniyoyin da za su buɗe takardun kamfani su tambaya: jan ƙarfe nawa ne a wannan walda, nikel nawa, fosfaras nawa? A wane murhu aka gwada, a wane zafi, har zuwa wane mataki? Samfurin da aka gwada daga irin ƙirar da za a kawo mana yake, ko daga tsohuwar ƙira? In amsa ba ta gamsar ba, su ce a dakata, kuma a dakata ɗin, ko da minista ya riga ya sanar da ranar buɗewa. A 2024 hukumar Afirka ta Kudu ta ƙara wa murhun farko na Koeberg shekara 20. Irin wannan hukunci yana jiran duk ƙasar da ta shiga harkar, kuma a lokacin mai yiwuwa kamfanin da ya sayar da injin ya canza hannu ko ya rufe.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a rubuta a yarjejeniya tun farko. Gwangwanayen sanduna su zo a cikin tukunya, da jadawalin ciro su. Ragowar ƙarfe da walda daga ainihin narkin da aka ƙera tukunyar da shi a ajiye su a Najeriya, da takardunsu, domin bayan shekara 30 ba inda za a samo irinsu. In an ciro gwangwani aka kai shi waje, masananmu su bi shi har gaban tagar gilashin, su ga an karya sandunan, a ba su ɗanyen sakamako su yi nasu lissafin. Kuma kada mu zama na farkon da za su kunna wani sabon tsari. A bari ƙasar da ta ƙera shi ta gina shi a gida, ta ciro gwangwaninta na farko tukuna.

Ƙofar koyo a buɗe take. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana da shirin da ke ba ƙasashe marasa manyan murahun bincike damar aiki a na wasu, kuma cibiyoyin Faransa da Rasha da Beljiyam da Amurka sun shiga shi tsakanin 2015 da 2017. Ɗalibin da ya karanta ilimin ƙarafa a Zariya ko Kano ko Sakkwato, ya koyi ladabin aiki da tururin nukiliya a NIRR-1, yana iya wucewa can ya yi shekaru a gaban hannuwan ƙarfe. Kafin ya kai matsayin da zai dubi sakamako ya musa wa kamfani da hujja, zai ci kusan shekara goma, daidai da lokacin da gina tashar kanta ke ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kuɗin karatunsa da albashin da zai riƙe shi a gida in ya dawo, a kasafin da ya riga sa hannu a kwangila ya kamata su fito.